Tsatsa

Bayan shagon gyaran rediyon Mumuni, a Aboabo,
inda kwata ke wucewa da warinta,
nan aka raɗa wa Tsatsa suna.
Ba rago, ba goro,
sai rikoda mai baki biyu
da Issifu ya karɓo a bakin bashinsa.

Kwabena Ofori ya zo da jita mai tsirkiya huɗu,
biyu sun tsinke tun a hannun kawunsa.
Ya ce a ƙetare ana kiran kiɗan nan pank.
Muka ce a nan sunansa haushi.

Ramatu ce murya.
Da asuba koko da ƙosai a bakin tasha,
da dare ta kama makirfo kamar wuyan mai gidan haya,
ta faɗa masa kuɗin wuta, ta faɗa masa rufin da ke yoyo,
minti ɗaya da rabi, ta gama.

Ni ce mai hatimi.
Da reza na sassaƙa sunan a ƙasan tsohon silifa,
na buga shi a kan kaset hamsin,
harafin farko a juye, ba wanda ya gyara.
Sha ɗaya muka sayar a Kejetia.
Sauran muka raba wa direbobin torotoro,
ɗayansu ya naɗi wa'azi a kan nasa,
ya dawo yana mana godiya.

Shekara shida, kaset tara.
Riba? Mun taɓa cin kifi sau ɗaya, mu biyar.

Sai ruwan wata Laraba ya shigo ba sallama,
ya kwana a akwatin da muke ajiye na asali.

Yanzu Kwabena na kaɗa wa coci, tsirkiya shida cif.
Mumuni ya koma gyaran waya.
Issifu na kwance a Tafo.
Ramatu, an ce Tamale, an ce Libiya.

Jiya jikata ta tono guda a ƙasan adaka,
ta ce, Kaka, wannan mene ne?
Na sa biro na naɗe masa hanjinsa.
A waƙa ta uku aka ɗauke wuta, na tuna,
jita ta mutu, rikoda na kan batir,
Ramatu ba ta tsaya ba.
Ga ta nan, ita da ruwa a kan kwano,
da wani can baya yana dariya.

Ashe ni ce.