Za a Hau Sama

Ni magini ne, ɗan magini, a Bajoga.
Ranar da mahaifina ya fara kai ni gindin tsani
bai fara da yaɓe ba, bai fara da awo ba,
murya ya fara koya mini.
Ya ce: kafin ka taka mataki na uku
ka ce, a gafara, za a hau sama!
Ka faɗa sau uku, sannan ka jira
har mai wanka ta ja zaninta,
har ƙyauren langa-langa ya yi ƙara.
Tsakar gida ba ta da rufi, ɗana,
kunyar mai hawa ce rufinta.

Shekara arba'in da ɗaya ina hawa,
idona na kan cokalin gini.
Ban san launin tukunyar maƙwabcina ba.

Sai ga wannan abu daren Talata,
bayan lisha, ina kishingiɗe a tabarma.
Ƙugi kamar sauron da ya sha ya ƙoshi,
ɗan haske ja, ɗan haske kore.
Ya tsaya saitin rumbuna, ya yi jim,
ya karkata ya bi kogin Gongola.
Bai yi sallama ba.
Ko na gwamnati ne, ko na kamfani,
ko na wata ƙasa da harshena bai iya sunanta ba,
oho.

Furera, autata, mai karatun lauya a Gombe,
ta zo hutu da littafi mai kaurin bulo.
Na ce, duba mini, wa ke da sama?

Ta ce, Baffa, sararin da ke bisa ƙasa na ƙasar ne,
jirgin baƙo ba ya keta shi sai da izini.
Na ce, madalla, ashe su ma sun san tsani.
Ta ce, amma can inda iska ta ƙare
tauraron ɗan'adam kiwonsa yake yi,
ya ƙirga motocin bariki, ya ƙirga awakinmu,
ba mai ce masa kanzil.
Na ce, ina iyakar take?
A nuna mini in ja igiya, in kafa turke.
Ta yi dariya. Ta ce, nan ne har yau ba a daidaita ba.

To, leƙen asiri fa?
Ta lashi yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa.
Ta ce, kowace ƙasa na ɗaure wanda ta kama a gidanta,
kowace kuma na da nata a gidan wata.
In ba a yaƙi, dokar duniya gum take yi,
shirun 'yan awo biyu
da kowanne ya san gindin mudun ɗan'uwansa a lotse yake.
In ana yaƙi, mai kaki da aka kama yana leƙe fursuna ne,
wanda ya ɓad da kama, kotu ke jiransa.

Na ce, wanda ba shi da kaki fa,
ba shi da riga, ba shi da wuyan da za a cafka?
Mai shi na can a ɗaki mai sanyi
da kofin shayi, yana kallon furfurata.
Furera ta rufe littafin,
ta ce za ta tambayi malaminsu.

Da safe Goggo Diddi ta aiko jikanta:
wai nawa ne kwano uku da ƙusa,
a rufa mata makewayi.
Na faɗi kuɗin kaya, na kasa faɗin na aiki.

Na jingina tsani da katangarta.
Yaron aikina ya ɗaga kai sama, ya dube ni, yana murmushi.
Na yi gyaran murya duk da haka.
A gafara, za a hau sama.
Na faɗa sau uku.
Na jira.