Dutsen Valliammai

Kakata Valliammai ba ta awo da cokali.
Ɗanyen kurkur, tsawon ɗan yatsa,
ta goga a dutsen bakin rijiya
har dutsen ya yi gumi ruwan ɗorawa.
Kindirmo kaɗan, garin wake kaɗan.
"Rufe ido, Kayal, bar mutsu-mutsu."

Duk Juma'a kenan, a Erode.
In tafi makaranta, yara na kirana
nunannen mangwaro.

Yanzu ina Chennai, hawa na tara,
da kwalaben mai bakwai masu tsada.
Jiya na kwaɓa irin nata a murfi,
ya ɓata min wuyan farar riga.
Ban wanke ba.

Ranar wankanta na ƙarshe
sabulu ya ƙare a hannunmu,
faratanta na nan rawaya.