Sukari a Gindin Tambulan

Wata bakwai ke nan ina Duluth,
garin da tafki ya fi sama faɗi,
inda jiragen ruwa ke kuka da asuba
kamar shanun da aka raba da maruƙansu.
Na sami aiki, na kama ɗaki,
na sayi takalmin taka dusar ƙanƙara.
Abu ɗaya ya gagare ni:
shayi mai sanyi, mai zaƙi, irin namu na Tifton.

Makon farko, a gidan abincin bakin gada,
na ce a ba ni shayi mai zaƙi.
Yarinyar, Britta aka rubuta a rigarta,
ta kawo jan ruwa mai ɗaci kamar ranar biyan bashi,
da ƙunshin sukari uku a gefen faranti.
Na yaga, na zuba, na juya,
na juya har na kusa da ni ya waiwayo.
Sukarin ya kwanta a gindin tambulan
kamar yashin rafi da rani,
yana kallona, ina kallonsa.

Da Kaka Ludell na raye, da ta tafa hannu.
Takan ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe,
sukari ba ya shiga shayi sai shayin na huci,
in ya huce, sun zama baƙin juna har abada.
Tulunta na gilashi mai tsaguwa a leɓe
ba ya rabo da baranda.
Muna zaune, Agusta na gasa gonakin gyaɗa,
tulun na gumi, mu ma muna yi.

Na fara rubuta sunaye a bayan takardar albashi,
ina sokewa ɗaya bayan ɗaya.
Na gidan 'yan Thailand launin goro ne, da madara,
mai daɗi kuwa,
sai dai kamar a gaishe ka da fara'a da sunan wani.
Na kwalba a gidan mai, ƙamshin alewa yake.
Wani wuri suka ce sai bazara.
Sai bazara! Kamar ƙishi yana duba kalanda.

Na dafa da kaina, kar ku ce ban gwada ba.
Awo ya yi daidai.
Na sha a tsaye gaban famfo, ni kaɗai,
sai na gane ba shayin kawai nake nema ba.
So nake a ajiye min shi ban tambaya ba,
a ƙara min kafin in ga ƙasan tambulan.

Ran wata Talata a Janairu mota ta ƙi tashi.
Na faɗa wata rumfar gasa kaji bayan shagon taya,
gemuna ya daskare, ba ni da niyyar tambayar komai.
Dattijuwar da ke juya kaji ta ji yadda nake jan magana,
ta ajiye cokali.
"Ɗan ina ne kai?"
Na ce Georgia.
"Ayya, ba laifinka ba ne. Ni Earline, daga Alabama."
Ta buɗe firiji, ta ture kabeji gefe,
ta jawo wani tulu da ba ya cikin jerin abinci.
"Nawa ne wannan. Mutanen nan ba su san shi ba."

Kurɓar farko, haƙorana suka amsa.
Ya fi na Kaka zaƙi, na kuwa faɗa mata.
Ta ce ai ku dama marowata ne,
ta ƙara min.

A waje iska na kaɗa allon shago.
Ina riƙe da tambulan da safar hannu,
ƙanƙara a ciki, ƙanƙara a taga.
Na ɗaga shi saitin fitila, na duba gindinsa.
Babu ko ƙwaya ɗaya a kwance.