Malam Jam

Na sauka Tashar Dukku da hantsi,
jaka a kafaɗa, ƙafa ta yi tsami.
Njidda na jira a gindin darbejiya.
Ya rungume ni da Hausa,
ya juya ya sallami mai babur da Fillanci,
numfashi ɗaya, ko yawu bai haɗiya ba.

Ya ce, "Gombe ƙofa biyu gare ta.
Mabuɗi guda zan ara maka:
duk abin da aka ce, ka ce jam."
Na jefa jam a aljihu tare da canjin mota.

Muka ratsa Jekadafari, muka gangara Herwagana,
shi yana nuna min gari,
ni ina kallon bakinsa.
Ciniki da Hausa yake yi,
ƙirgen kuɗi ma haka,
amma da mai baro ya murje masa ɗan yatsa
ba Hausa ce ta riga fitowa ba.
Waya ta yi ƙara, ya ce innarsa ce,
sai muryar ta rusuna
kamar mai shiga ɗaki mai gajeriyar ƙofa.

A tsohuwar kasuwa
wata dattijuwa mai faifai da ludayi
ta dube ni, ta saki magana doguwa.
Na laluba aljihu, na ce, "Jam."
Rumfa uku suka kwashe da dariya,
har mai awon barkono ya yi atishawa.
Njidda ya riƙe ciki: "Sunanka ta tambaya,
ka ce mata sunanka Lafiya."
Kafin mu kai layin 'yan yadi
suna ya riga mu isa:
Malam Jam, a zo a ga shadda.

Na ji haushi kaɗan. Na sayi ludayin da ba na so.

Magariba ta same mu a Pantami,
tabarma a tsakar gida, ba wuta,
ƙamshin miyar kuka na leƙowa.
Daga madafa innar Njidda ta ɗaga murya:
"War nyaamu!"
Sai ga ni a tsaye.
Ba wanda ya fassara.
Njidda ya bi ni da ido, cokali a hannu.

Haka kakata Dudu take kiranmu a Kazaure,
da akushi a cinya, tana korar kaji da ƙafa.
Mu kuwa mu kwaikwayi Hausarta a bayan rumbu,
yadda take mai da mace namiji,
mu yi dariya har da faɗuwa.
Ina shekara bakwai aka kai ta.
Na ɗauka duk da ita aka binne.
Ashe kalma biyu sun ɓuya a cikina
kamar irin da ya faɗa tsagin daɓe,
shekara talatin ba ruwa.

Na ci tuwon ban ce komai ba.
Inna ta ƙara min miya, ita ma ba ta ce ba.

Da safe a tasha Njidda ya ce, "Sey yeeso."
Na ce, "Me ke nan?"
Ya ce, "Ka dawo ka ji."
Direba ya tayar, ludayi na bugun gwiwata,
ina ta juya kalmomin nan biyu a baki
har muka wuce gadar Dindima,
ina tsoron kada in sake haɗiye su.