Zomo a Garin Giwa

Gab da faɗuwar rana, a dajin Muthanga,
da citta buhu arba'in, za mu Mysuru,
Velayudhan ya taka birki
kamar mai taka ƙwai.

Na ɗauka dutse ne ya tare kwalta.
Sai dutsen ya kaɗa kunne.

Hannuna ya nufi hon, ya make shi:
"Yaro, ba a yi wa mai gida tsawa a ƙofarsa."
Na zaro waya. Ya ce, "Mayar.
Walƙiya ɗaya, ka sa matata takaba."

Ya rage fitila, bai kashe inji ba.
Ga ɗanta ƙarƙashin cikinta.
Ta naɗe hanci, ta baza kunnuwa,
muka ja da baya, taku-taku,
ƙofa a kulle, baki a kulle.

An ce giwa a garin wani zomo ce.
Yau mu ne a garinta.

Sauro ya ci rabonsa
kafin ta tura ɗanta cikin gora,
ta bar mana kashi mai tururi a tsakiyar hanya.
Shi ma Velayudhan ya kewaye shi,
sannan ya ce in zuba masa shayi.
Rabi ya zube a ƙafata.