Gado Na Shida

Ƙarfe uku na dare a wani asibiti a Preston.
Tun la'asar ake yayyafi, ya ƙi tsugewa, ya ƙi ɗaukewa.
Mu uku a ɗakin hutu, butar shayi na huci,
takalma a tuɓe, ƙafafu sun kumbura.

Abdulƙawi ya nuna rufi da yatsa.
Wani jirgi ne ya gifta da yamma,
har yanzu rugugin bai bar kunnensa ba.
Ya ce, "Irinsa ne ya yi wa kasuwarmu ruwan wuta,
ran Talata, ana tsaka da cinikin tumaki.
Su suka ƙera, su suka sa hannu, su suka ƙirga riba.
Kada wanda ya ce mini mu muka kashe kanmu."

Rasha ba ta ɗago ba, lemo take ɓarewa.
Ta ce, "Wanda ya buga mana ƙofa da asuba
da harshen uwata ya yi sallama.
Ya san sunan kakana, ya san tagar ɗakin yayana.
Bana shekara tara.
Ko takalminsa ba a maido mana ba.
Wane Bature zan tare in tambaya?"

Suka juyo kaina, wai in raba gardama.

Ni da na zo ƙasar nan da karin magana fal aljihu.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
Da ɗan gari akan ci gari.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Na laluba, na gwada su ɗaya bayan ɗaya,
duk suka yi kaɗan,
kamar likkafanin jariri a jikin ƙato.

Abin da na sani, Sagiru ƙanena ne.
Bindigar da ta same shi a bakin tasha
teku ta ƙetaro, cikin akwati, da lamba, da rasit.
Yatsan da ya ja kunamarta kuwa
na Ilu ne, ɗan Buba tela,
benci ɗaya muka zauna a firamare,
ni nake ara masa fensir.
Ran sadakar uku ya zo cikin fararen kaya,
ya durƙusa gaban Inna, ya ce, "Umarni aka ba ni."
Inna ta miƙa masa ruwa.
Har gobe ban gama yafe mata ruwan nan ba.

Sai ƙararrawa. Gado na shida.

Dattijo Derek ne, ya jiƙa shimfiɗa,
ya juya fuska bango don kunya.
Shekara talatin da ɗaya yana haɗa fukafukan jirage.
Ga hoton nan kan durowa:
shi da abokan aiki a inuwar fiffike, ana dariya.
Ya taɓa ce mini, "Ni noti kawai nake ɗaurewa, 'yata.
Ban taɓa tambayar ina za su ba.
Da shi na biya kuɗin gida."

Abdulƙawi ya riƙe kafaɗa, Rasha ta riƙe ƙugu,
na zare zanen, na shimfiɗa busasshe.
"A hankali," in ji Abdulƙawi, "fatarsa ta yi sirara."
Ya gyara masa matashi.
Idonsa bai kai kan hoton ba,
in ma ya kai, ni ban gani ba.

Muka koma, shayi ya huce.
Gardamar tana nan kan tebur inda muka bar ta,
kusa da ɓawon lemo, ba wanda ya taɓa ta.
Rasha ta raba lemon uku, nata ya fi ƙanƙanta.

Wayata ta kawo haske. Inna ce,
a can an kusa kiran assalatu.
Tana tambaya ko sanyi ya yi sauƙi, ko na ci abinci.
Ta ce Ilu ya sami ƙarin girma,
an yi walima a layinmu,
har an aiko mata da shinkafa a kwano mai murfi.

Ban tambaye ta ko ta ci ba.