Reshen da Ya Haura Danga

Kakar farko ke nan babu Inna Delu.
Gero ya shiga rumbu, bai kai inda yake kaiwa a hannunta ba.
Dawa na tsaye tana jiran magirbi,
harawa na shan rana a kan rumfa,
ni kuwa ina koyon gidan da aka yanke mini cibiya
kamar baƙon da ya sauka da dare.

Kyalla, akuyarta, ba ta amsa kirana.
In na kawo dusa sai ta shinshina kwarya,
ta dubi ƙofar ɗakin da ke rufe,
sannan ta ci, don dai kada in ji kunya.
Tunkiyar da ta haifi tagwaye ran Laraba
ta karɓi ɗaya, ta ƙi ɗaya.
Ni ke riƙe ta da asuba, gwiwata cikin raɓa,
har ƙaramin ya ƙoshi yana kaɗa jela.
Zabi kuwa sun riƙe sirrinsu:
Inna kaɗai ta san gindin sabarar da suke ƙwai.

Gwaba dai ba ta yi takaba ba.
Ta yi 'ya'ya har na kafa mata gwafa uku.
Ƙamshinta kan riga ladan tashina.
Jemagu su ci rabonsu da dare,
su zubo guntaye masu jan ciki,
Kyalla ta share kafin in ɗauko tsintsiya.
Can bayan gida ɗinya na zuba,
yara na dawowa da baki kamar sun sha tawada.
Magarya ta fara ja, ba ta kai ba tukuna.

Saura kwana biyu kasuwar Shuwarin
Barmo dillali ya jingine babur a ƙofar gida.
Ya zaga bishiyar yana lissafi da leɓe,
ya gatsa ɗaya, ya yamutsa fuska don a rage masa.
Muka daidaita: bishiya duka, har ƙololuwa.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Buhun dusa ne, da allurar dabbobi,
da kwano biyu na rufin da ya yi ta yoyo a kanta.

Da la'asar sai ga Tasallah da sandarta.
Ba ta shigo ba. Ta tsaya ta waje,
inda babban reshe ya haura danga
ya sunkuya kan hanyar rijiya.
"Cindo, na ji ka sayar."
Na ce na sayar.
"Har wannan?"
Ta taɓa shi da kan sanda
kamar mai tashin jika daga barci.
"Shekara ashirin da ɗoriya
uwarka ba ta tsinki ko ɗaya a nan ba.
Na masu ɗebo ruwa ne, da makiyaya, da ni.
Ba ta gaya maka ba?
To, ai ba ta gaya wa kowa ba."

Na kwana kuɗin na tokare ni ta ƙarƙashin matashi.

Da hantsi Barmo ya zo da kwanduna
da yara biyu masu hawa kamar birai.
Na mayar masa da kuɗin kwano ɗaya.
Ya yi dariya, ya soke a aljihu,
ya ce bai taɓa ganin an sayar da sa
an hana ƙaho ba.

Kafin azahar sun tsefe ta tas.
Ganye kawai, da gwafa uku marasa aiki,
sai reshen nan guda, rawaya, yana lilo kan hanya.
Rufin zai yi yoyo ta gefe ɗaya har baɗi.
Na san inda zan ajiye kwarya.

Wajen magariba wata yarinya da tulu
ta yi ɗage, ta tsinki biyu, ba ta dubi gidan ba.
Ɗaya ta ƙulle a bakin zane,
ɗayar ta ci rabi, ta wurgo sauran ta kan danga.
Kyalla na nan, ashe, daidai wurin,
kamar mai jiran albashi.

Na kira ta.
Ba ta zo ba.
Amma ta ɗago kai, tana tauna,
ta dube ni.